Rigima ɗaya, labari biyu: yadda jaridun Ingila ke ruwaito takaddamar wasanni

Mai bin gasar Firimiya ya saba da wannan. Rigima ta ɓarke a fili ranar Asabar, kafin gari ya waye labarinta ya rabu gida biyu. Wani shafin ya ce The Sun ta ruwaito kwanan koci ya ƙare, 'yan wasa sun juya masa baya. Wani ya ce The Guardian ta ruwaito ba a yanke komai ba tukuna, sai shugabannin ƙungiya sun zauna. Wanda labarin ya iske a Kano ko Maraɗi, bayan an fassara shi an datse, sai ya ɗauka dole ɗaya ƙarya take yi. Wani lokaci hakan ne. Amma galibi abu ɗaya suka gani, tambayar da kowacce ta shiga da ita ce daban. Ɗaya na neman wanda za a nuna wa yatsa, ɗayar na neman yadda aka yi abin ya faru.

## Ƙananan da manyan

Asalin rabon daga girman takarda ne. Wadda Turawa ke kira tabloid tsayin shafinta kusan santimita 40 ne, mutum na iya buɗe ta a jirgin ƙasa bai tokari na kusa da shi ba. Wadda suke kira broadsheet ta ninka ta girma, tsayinta ya kusa santimita 60. A nan za a kira su ƙananan jaridu da manyan jaridu, amma ƙanƙantar ta shafi ce kawai. A kasuwa ƙananan ne manya: a ƙarshen shekarun 1980 The Sun na sayar da kusan kwafi miliyan 4 a rana, lokacin da The Times da The Guardian kowacce ke kewayen rabin miliyan ko ƙasa da haka.

Cikin ƙananan akwai masu jan tambari a goshi, wato The Sun da Daily Mirror da Daily Star, su ne suka fi kururuwa. Daily Mail da Daily Express na tsakiya. Manyan su ne The Times, The Daily Telegraph, The Guardian, Financial Times da The Independent, da takwarorinsu na ranar Lahadi.

Girman takardar ya daina zama ma'auni tuntuni. The Independent da The Times sun koma ƙaramin shafi tsakanin 2003 da 2004, The Guardian ta bi sahu a 2018. Abin da ya rage shi ne halayya. Nan gida ma haka abin yake: Aminiya da Daily Trust ƙaramin shafi ne da su, amma ba wanda zai sa su a layin masu jan tambari. The Sun ta Najeriya kuwa suna kawai ya haɗa ta da ta Landan. Wani abin lura kuma, The Sun da The Times 'yan gida ɗaya ne. Rupert Murdoch ya sayi ta farko a 1969, ta biyu a 1981. Mai gida ɗaya ne ke sayar da haja iri biyu ga masu saye iri biyu.

## Inda kuɗin ke fitowa

Ƙaramar jarida ta ginu ne a kan cinikin safiya. Mai saye na wucewa ta gaban shago, jaridu biyar na jere, cikin daƙiƙa kaɗan zai miƙa hannu. Shafin farko da na baya, wanda a Ingila na wasanni ne, aikinsu irin na ɗan kamasho ne a tasha: wanda ya fi ɗaga murya shi ke cika mota. Shi ya sa ake samun babban hoto, kalmomi uku ko huɗu da manyan baƙaƙe, da wasa da kalma.

Babbar jarida masu sayenta kaɗan ne, amma masu abin hannu ne, kuma kusan su ne dai kullum. Masu talla na biyan kuɗi don isa ga irin waɗannan mutanen. Abin da take tsoro ba rashin cinikin yau ba ne, zubewar ƙima ce a idon wanda ya shekara goma yana karanta ta. Intanet bai rushe wannan ba, sabon salo ya ba shi. The Times da Telegraph da Financial Times sun rufe yawancin labaransu sai ka biya kuɗin wata. Shafukan ƙananan galibi a buɗe suke, kuɗinsu na zuwa daga yawan masu latsawa. Sakamakon wannan ga mai karatu a Najeriya ko Nijar a fili yake: labarin da ya fi saurin isowa gare shi kyauta shi ne na ƙananan.

## Hillsborough

Babu misalin da ya kai wannan bayyana bambancin, kuma babu wanda ya kai shi nuna cewa bambancin ba na fari da baƙi ba ne.

Ranar 15 ga Afrilu 1989, Liverpool da Nottingham Forest suka haɗu a wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA a filin Hillsborough da ke Sheffield. Magoya bayan Liverpool sun cunkushe a mashigar Leppings Lane, inda ƙofofin tantance tikiti suka yi kaɗan. Gab da take wasa, babban jami'in 'yan sandan da ke kula da filin, David Duckenfield, ya ba da umarni a buɗe wata babbar ƙofa ta fita. Mutane kusan 2,000 suka shigo, yawancinsu suka bi ramin da ke kaiwa ga shingaye biyu na tsakiya a bayan raga, waɗanda sun riga sun cika. Ba a sa kowa ya tare ramin ba. A gaba kuwa shingen ƙarfe ne. An tsayar da wasa bayan minti shida. Mutum 96 ne suka rasu, a 2021 aka ƙara na 97, wanda ya shekara 32 yana jinyar raunin da ya samu.

Tun ana cikin kwashe mutane Duckenfield ya gaya wa jami'an hukumar ƙwallo cewa magoya baya ne suka ɓalle ƙofar. A 2015, a gaban kotun binciken musabbabin mutuwa, ya amsa cewa ƙarya ya yi.

Bayan kwana huɗu, ranar 19 ga Afrilu, The Sun ta fito da kanun da ke cewa "Gaskiyar magana". A ƙarƙashinsa ta jera cewa wasu magoya baya sun yashe aljihun mamata, sun yi wa 'yan sanda fitsari, sun doki ɗan sandan da ke ƙoƙarin farfaɗo da wani. Labarin ya fito ne daga wani ƙaramin kamfanin dillancin labarai na Sheffield, shi kuma ya samo daga bakin wasu manyan 'yan sanda da wani ɗan majalisar yankin, Irvine Patnick. Ba The Sun kaɗai aka aika wa ba, jaridu da dama sun samu, sun kuma buga.

Abin da ya raba su shi ne yadda aka jingina maganar. Daily Express ta ce 'yan sanda sun zargi magoya baya. Daily Mirror, wadda ita ma mai jan tambari ce, ta ba da labarin fusatar jama'a kan iƙirarin 'yan sanda. Manyan da suka ɗauko zargin sun bar shi a matsayin zargi. The Sun ta cire "in ji", ta ɗora tambarinta a kai. Wakilin da ya haɗa labarin, Harry Arnold, ya faɗa daga baya cewa shi a matsayin zargi ya rubuta, editan jaridar, Kelvin MacKenzie, shi ya zana shafin farko da hannunsa.

Ba a kai wata huɗu ba rahoton farko na Mai shari'a Taylor, wanda gwamnati ta naɗa ya binciki lamarin, ya fito, ya ce babban dalilin bala'in shi ne gazawar 'yan sanda wajen sarrafa taron. Amma tabon ya riga ya zauna. Sai a Satumba 2012 wani kwamiti mai zaman kansa ya fitar da takardun da suka nuna an yi wa bayanan 'yan sanda 164 kwaskwarima, a 116 daga ciki an goge abin da ke sukar rundunar. Washegari The Sun ta nemi afuwa a shafin farko. A Afrilu 2016 masu taimaka wa alƙali suka yanke cewa an kashe mutanen ne ba bisa ƙa'ida ba, kuma magoya baya ba su da laifi. Duckenfield kansa kotu ta wanke shi daga tuhumar kisa ta sakaci a 2019. Har yau shaguna da yawa a Liverpool ba sa ajiye The Sun, kuma tun 2017 ƙungiyar Liverpool ta hana wakilan jaridar shiga filinta na Anfield.

Manyan jaridu ba su fita tas daga wannan tarihin ba. A 1985, bayan gobarar filin Bradford, The Sunday Times ta kira ƙwallo wasan 'yan unguwannin talakawa da ake yi a rubabbun filaye. Mako guda bayan Hillsborough wani marubucinta ya ɗora wa magoya bayan Liverpool alhakin mutuwar. Ranar da ta biyo bayan hukuncin 2016, bugun farko na The Times bai sa labarin a shafin farko ba, sai da aka yi ca a kanta, har da ma'aikatanta na sashen wasanni, sannan ta gyara. A ɗaya ɓangaren, David Conn na The Guardian ya shafe shekaru yana bin takardun shari'ar ɗaya bayan ɗaya, Daily Mirror kuma ta daɗe tana mara wa iyalan baya.

## Yadda ake ƙera labarin

Wanda ya rubuta labari ba shi ke sa masa kanu ba. Aikin masu tace labari ne a ofis, waɗanda ba su je filin ba, kuma an ba su iyakar baƙaƙen da za su shiga gurbin. A ƙaramar jarida gurbin ba ya ɗaukar "ana zargin cewa". Shi ya sa sau da yawa kanu ke rantsuwa a kan abin da sakin layi na bakwai ke cewa mai yiwuwa ne.

Sai majiya. A ƙananan an fi samun "wani na kusa da ɗan wasan", "wata majiya daga ɗakin sauya kaya". Wannan na kusan yakan zama dillalin ɗan wasan, mai son ƙungiya ta ƙara albashi ko wata ta taya. Ƙananan kuma sun daɗe da al'adar sayen labari da kuɗi, daga tsohuwar budurwa, direba ko mai gadin gidan rawa. Wanda aka biya yana da dalilin ƙara gishiri. Manyan ma na amfani da majiyar da ba a ambata ba, kalmar da suka fi so ita ce "an fahimci cewa", wadda galibi ke nufin wani jami'in ƙungiya ne ya yi bayani bisa sharaɗin kada a kira sunansa. Wannan ma ba gaskiya tsantsa ba ce, ɓangaren ƙungiya ne aka ji.

Tsawo ma na da tasiri. Rigimar da ƙaramar za ta gama a ɗaruruwan kalmomi kaɗan, babbar za ta ba ta labari, da sharhi, da bayanin abin da dokar wasa ta ce. In alƙalin wasa ya ba da jan katin da ake gardama a kai, ƙaramar za ta kawo fuskar koci yana kumfar baki da kalma mafi zafi da ya furta. Babbar za ta kawo sashen dokar da aka yi aiki da shi, da abin da ya faru a irin wannan hukunci a baya, da ranar da kwamitin ladabtarwa zai zauna. Sai dai zafin kocin ma wani ɓangare ne na abin da ya faru, kuma sau da yawa wakilan ƙananan, da yake kullum suna bakin filin atisaye, su ke fara jin cewa ɗakin sauya kaya ya rabu biyu.

## Mutum ɗaya a tsakiyar fili

Ranar 30 ga Yuni 1998, a gasar kofin duniya ta Faransa, aka kori David Beckham saboda, yana kwance a ƙasa, ya harbi Diego Simeone na Ajantina da ƙafa. Ingila ta riƙe 2-2 da mutum goma, ta fita a bugun fenareti. Daily Mirror ta yi kanu da zakuna goma da wawan yaro ɗaya, ta kuma buga allon jifa da fuskarsa a tsakiya. An rataye mutum-mutuminsa a ƙofar wata mashaya a Landan. Manyan ma sun soke shi, wasunsu da kakkausan harshe, amma ba su mayar da yaro ɗan shekara 23 abin jifa ba.

Bayan shekara ashirin Raheem Sterling ya juya tambayar kan jaridun. A Disamba 2018, kwana ɗaya bayan wasu 'yan kallo sun ci zarafinsa a filin Chelsea, ya wallafa kanun labarai biyu na shafin Daily Mail a Instagram. Dukansu kan matasan Manchester City ne da suka sayi gida. Na Tosin Adarabioyo, wanda iyayensa 'yan asalin Najeriya ne, ya jaddada cewa ya kashe fam miliyan 2.25 alhali bai taɓa fara wasan Firimiya ba. Na Phil Foden ya nuna yaro mai albarka da ya saya wa mahaifiyarsa gidan fam miliyan 2. Babu ƙarya a ko ɗaya. Zaɓen abin da za a sa a gaba ne ya bambanta, kuma Sterling ya ce irin wannan ne ke rura wutar wariyar launin fata a filaye. A Afrilu 2017, MacKenzie ɗin nan na Hillsborough ya kwatanta Ross Barkley na Everton da goggon biri a shafinsa na The Sun. Kakan Barkley ɗan Najeriya ne. MacKenzie ya ce bai san da haka ba, jaridar ta nemi afuwa, suka rabu.

## Shigar burtu ba ta ƙananan kaɗai ba ce

Akwai zaton cewa tarko da ɓoyayyiyar kyamara aikin masu jan tambari ne. Tarihi bai goyi bayan haka ba. Sam Allardyce ya rasa aikin kocin Ingila a Satumba 2016, bayan kwana 67 da wasa ɗaya tak, saboda wakilan The Daily Telegraph sun yi shigar 'yan kasuwa sun naɗe shi yana bayanin yadda ake kauce wa dokar mallakar 'yan wasa, yana kuma cinikin yarjejeniyar fam 400,000. Ba a tuhume shi da laifi a kotu ba, shi kuma ya ce tarko aka ɗana masa. A Oktoba 2010 The Sunday Times ta yi irin wannan wa Amos Adamu, ɗan Najeriyan da ke kwamitin zartarwa na FIFA. Wakilanta sun je a matsayin masu nema wa Amurka ƙuri'ar karɓar baƙuncin kofin duniya, jaridar ta ce ya nemi dala 800,000 don gina filaye huɗu. Ya musanta aikata ba daidai ba, FIFA ta dakatar da shi shekara uku, kotun wasanni ta duniya ta tabbatar da hukuncin.

Ta ɗaya gefen, ƙaramar jarida ce, News of the World, ta tona cuwa-cuwar wasan kurket a 2010, har aka ɗaure 'yan wasan Pakistan uku. Aikin jarida ne na gaske. Amma jaridar ta rufe a Yuli 2011 saboda badaƙalar satar sauraron saƙonnin waya, wakilin da ya ɗana tarkon, Mazher Mahmood, shi ma an ɗaure shi a 2016 kan murɗe shaida a wata shari'a ta daban.

Inda manyan suka fi tsere wa ƙananan shi ne juriya. David Walsh na The Sunday Times ya shekara 13 yana bin Lance Armstrong, zakaran tseren keke, kan ƙwayoyin ƙara kuzari. Armstrong ya kai ƙara, jaridar ta biya shi kusan fam 300,000 a 2006. Sai a Janairu 2013 ya amsa laifinsa a talabijin. Labarin da zai ci shekaru da kuɗin lauyoyi kafin ya haifar da kanu ɗaya ba ya dacewa da jaridar da ke rayuwa kan cinikin gobe da safe.

## Hujjar kowane ɓangare, da abin da doka ta ce

Masu kare ƙananan na cewa su ke magana da harshen mai zuwa kallo, su suka ɗauki ƙwallo da muhimmanci tun lokacin da manyan ke ɗaga mata hanci, kuma ba sa jin nauyin mai kuɗi ko mai muƙami. Masu sukarsu na cewa kuskurensu kan faɗa kan wanda ba shi da bakin ramawa. Masu kare manyan na nuna tantancewa da jin ta bakin wanda ake zargi. Masu sukarsu na cewa sukan jira ƙananan su fasa ƙwai, sannan su ɗauko labarin da sunan sharhi kan yadda ƙananan suka ruwaito shi, su ci riba ba tare da sun ɓata hannu ba.

Doka ɗaya ce a kan kowa. A Ingila, in aka kai ƙarar ɓata suna, wanda ya buga maganar shi zai tabbatar da gaskiyarta, shi ya sa lauya ke karanta duk wani labari mai haɗari kafin a buga. Bayan binciken da Mai shari'a Leveson ya yi kan halayyar jaridu aka kafa IPSO, hukumar da ke sa ido a kansu, a 2014. Ƙa'idojinta sun wajabta bambanta zargi da tabbas, sun hana kanun da jikin labari bai goyi bayansa ba, sun kuma hana shigar burtu sai in akwai maslahar jama'a kuma babu wata hanyar samun bayanin. The Sun da Mail da Times da Telegraph na ƙarƙashinta. The Guardian da Financial Times ba su shiga ba, suna da nasu tsarin sauraron ƙorafi. Babban ƙorafin da ake yi shi ne gyara kan zo a makare, a ɗan lungun shafin ciki, alhali kuskuren ya cika shafin farko.

## Abin da ke isowa ga mai karatun Hausa

Kafin labari ya iso gidan kallo ko zauren WhatsApp ya bi ta hannu uku ko huɗu, kuma a kowane hannu kalmomin taka-tsantsan ne ke fara zubewa. "Na duba yiwuwar taya ɗan wasa" ya koma "za ta saya", ya koma "ta saya". Shafin cinikin 'yan wasa na BBC Hausa kan sa sunan jaridar da ta kawo kowane labari a ƙarshensa, kuma wannan sunan ba ado ba ne: yana nufin ga wanda ya faɗa, ba wai an tabbatar ba. Masu kwafa zuwa Facebook sukan yar da shi.

Mai son tantancewa zai fi samun amfani in ya duba ƙirar labarin maimakon sunan jaridar kaɗai. Akwai mutum mai suna da ya yi magana, ko "majiya" ce? An ji ta bakin wanda ake zargi? Martanin nasa galibi yana can ƙasan labarin, inda mai gaggawa ba ya kaiwa. Akwai takarda, bidiyo ko sanarwar hukuma? In jaridu goma sun kawo labari amma tara na cewa "kamar yadda The Sun ta ruwaito", majiya ɗaya ce, ba goma ba. Hoton kanu da aka yanko ba tare da kwanan wata ba kuwa na iya zama na shekara biyar da ta wuce.

Abin ya fi nauyi idan rigimar ta shafi ɗan wasan Afirka ko Musulmi, inda kanu ɗaya kan azumi, sallah ko tafiya gasar kofin Afirka a tsakiyar kaka ke iya tayar da ƙura a nan fiye da can. Jaridar da ta yi kuskure a Landan tana iya buga gyara bayan wata uku, ko ta biya diyya a kotu, amma ba kasafai shafin Hausar da ya yaɗa labarin farko ke komawa ya fassara gyaran ba.